Inna Zulai da Jan Kwanon Sadiya

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa gidan renon yara na Hajiya Binta da ke Tudun Wadar Gusau ya san Inna Zulai, kuma da wuya a ce sanin ya fara da daɗi. Ita za ka fara iskewa a bakin ƙofa tun bakwai da rabi na safe, zaune kan kujera 'yar tsuguno, da tasa mai murfi a gefenta. Ba ita ke da gidan ba, ba kuma ita ce mai gadi ba, mai dafa abinci ce kawai. Amma babu yaron da zai wuce ta bai buɗe jaka ba. Ta laluba aljihu, ta kwance ƙullin leda, ta kai hanci ta shinshina. In ta ci karo da ƙuli-ƙuli, ko dakuwa, ko kantun gyaɗa, ko ɗan yajin da wata kaka ta ƙulla wa jikanta, sai ta jefa cikin tasa ta rufe, a karɓa in an zo ɗaukar yaro da yamma. Ko ɗan wane ne kuwa. Iyayen yara suka sa mata suna Inna Kwastan, wasu a bayan idonta, masu ƙarfin hali a gabanta. Ba ta taɓa dariyar sunan ba, ba ta kuma taɓa fasa laluben ba.

Duk wannan wahala saboda yarinya ɗaya ce cikin yara ashirin da uku. Sunanta Sadiya, shekararta uku da 'yan watanni, 'yar siririya mai surutun tsiya. Jikinta ba ya karɓar gyaɗa. Ba irin rashin karɓar da ke tsayawa a ƙaiƙayi da ɗan borin jini ba. Ita in gyaɗa ta shiga bakinta, ko da abin da ya maƙale a bakin cokali ne, maƙogwaronta ke kumbura ya toshe numfashi. To, a garin da gyaɗa ke cikin kunu, cikin miya, cikin yaji, cikin kwaɗon zogale, har cikin tafin kowace tsohuwa mai son faranta wa yaro, sai ka auna. Kullum aka shimfiɗa tabarma da sha biyun rana aka jera kwanuka, ran yarinyar nan yana hannun mai rabon abinci.

A duk gidan kuwa babu wanda ya kai Zulai sanin gyaɗa. A Bilbis aka haife ta, ta ƙasar Tsafe. Uwarta mai ƙuli ce, kakarta ma haka. Tun ba ta kai tsawon turmi ba ta iya suya, ta iya murje ɓawo ta sheƙe, ta san lokacin da tunkuza za ta saki mai tun daga yadda muciya ke nauyi a hannu. Da ta auri Jatau, manomi mai shanun huɗa biyu da ƙarancin magana, a ɗakinta ta ci gaba da sana'ar. Ƙulinta ya yi suna har masu sari daga Tsafe ke aiko da kwanduna. Da shi ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki, ba ta roƙi kowa ko cokali ba.

Bayan rasuwar Jatau, zuwa gona a yankinsu ya zama abin da sai an yi addu'a an ƙara, gyaɗar ma ta yi wuyar samu. Babbar 'yarta ta matsa, aka ɗauko ta zuwa Gusau. Wata biyu ta yi tana zaman kallon bango, ta ce in ta ƙara na uku ciwo zai kama ta. Wata maƙwabciya ta ba ta labarin Hajiya Binta na neman mai girki, ta je, aka ɗanɗana miyarta sau ɗaya aka ce ta dawo gobe. Shekara huɗu ta yi tana dama wa yaran kunun gyaɗa kowace safiya, mai kauri, da tsamiya daidai, wanda har iyaye ke cewa a ɗan zuba musu a kofi su tafi da shi ofis. A lokacin Inna Mai Kunu ake ce mata, kuma takan yi wa yara waƙa tana rabo.

Wata Laraba aka kawo Sadiya, tana da shekara biyu. Uwarta, Malama Luba, mai koyarwa ce a wata makarantar 'yan mata, ta zo da takardar likita a cikin leda. Hajiya Binta ta aika a kira mai girki ta ji da kunnenta. Zulai ta zo ta tsaya a bakin ƙofar ofis da ludayi a hannu, tana jiran a gama ta koma, don ta bar kunu a wuta. Malama Luba ta ce sau ɗaya abin ya taɓa faruwa, a gidan suna, kuma da asibiti na da nisa da yanzu wani zancen ake. Ta yi bayanin a natse, irin na wadda ta maimaita shi har ya daina sa ta kuka a gaban mutane.

"Da farko leɓe ne ke kumbura," in ji ta. "Sai ido. Sai ta fara soshe wuya tana tari, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito. Daga nan abin da ya rage mintoci ne. Don Allah kada a tsaya ba ta komai, a ruga da ita asibiti."

Hajiya Binta ta ce Allah ya sawwaƙe, ta karɓi takardar. Zulai ta juya da ludayinta. Ta koma kicin ta tsaya a gaban tukunya, kuma ranar ce kaɗai a tarihin gidan kunu ya kama ƙasa har yara suka ƙi sha.

Abin da ya tsayar da ita ya girmi Malama Luba. Kafin 'yan matan nan uku, Zulai ta haifi namiji, ɗanta na fari, Jibo. Kowa ya san yadda uwa ke yi da ɗan fari a garuruwanmu, balle a wancan zamani. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Zulai kuwa ta fi kowa iya wannan kunya, har surukarta na yabonta a cikin dangi. Yaron kullum jikinsa da ƙuraje, in ana aikin gyaɗa idonsa ya yi ja, fuska ta ɗan tasa. Aka ce zafi ne, aka yi ta yi masa wanka da saiwoyi.

Wata rana bayan azahar, yana da shekara biyu da wata huɗu, surukarta na zaune a tsakar gida da baƙi mata uku daga Magami. Zulai na gefe tana matsar mai. Yaron ya tako ya miƙo hannu. Ta gutsuro tunkuza mai ɗumi ta ɗora masa a tafi ba tare da ta dube shi ba, yadda ya dace. Ba a jima ba ta hango leɓensa ta wutsiyar ido. Ta gani sarai. Ta ji tarin, ta ji muryar ta canza. Amma ga suruka, ga baƙi, wace mara kunya ce za ta yar da muciya ta yi kan ɗan fari tana ihu? Sai ta ci gaba da juya tunkuza, tana jiran wani ya lura. Kafin tsohuwar ta waiwaya ta ce, "Mi ya samu yaron ga?" ya daina iya kuka. Aka ce iska ce ta shafe shi. Aka turara hayaƙi, aka aika a karɓo rubutu. Kafin la'asar ya cika, kafin magariba an kai shi. Zulai ba ta yi kuka a gaban kowa ba, aka yi ta yaba mata haƙuri.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana ɗauka iska ce. A bakin ƙofar ofis, da ludayi a hannu, wata malamar makaranta ta jero mata mutuwar ɗanta daki-daki, leɓe, ido, wuya, murya, fito, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta gane da hannunta ta ba shi, kuma ta gane ta gani ta yi shiru. Wannan abu ya yi mata ciwo irin wanda ba ta san inda za ta ajiye shi ba, don haka ba ta faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yanta.

Washegari ta jawo buhun gyaɗar kicin ta kai bakin ƙofa, ta ce wa Hajiya Binta ko ita ko buhun. Hajiya ta yi mita a kan kunun da iyaye suka saba da shi, amma ta bi. Aka koma kunun tsamiya da koko. Zulai ta ware wa Sadiya jan kwano, da cokalinta, da 'yar tukunyarta, da soson wankinta, duk a kwando ɗaya da ke rataye sama da inda hannun kowa ke kaiwa, tare da kwafin takardar likita a leda. Da manja kaɗai ake yi mata girki. Kowane yaro sai ya wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan ci, domin yaron da ya karya da ƙuli a gida yana iya zuwa ya shafa mata a fuska da sunan wasa. Hajiya Binta ta rubuta duk wannan da babban baƙi ta manna a bangon kicin, ta ƙara da lambar wayar Malama Luba.

Abin da ya fi wuya shi ne zaman cin. Yaran sun saba a haɗa su uku-uku a tire ɗaya, ga Sadiya ita kaɗai a bakin tabarma da jan kwano, tana leƙen na wasu tana hawaye. Hussaina, abokiyar aikin Zulai, mace mai 'ya'ya biyar da tausayi a kusa, ta ce wannan ai horo ne, kuma koya wa yarinya rowa ne tun tana ƙarama. Zulai ba ta yi musu ba. Sai ta wanke hannu har gwiwa, ta zauna, ta sa hannu a jan kwanon suka ci tare. Daga ranar kullum tare suke ci. Kuma tunda hannunta da bakinta na shiga kwanon, sai ta bar cin gyaɗa ɗungurum, har a gida. Jikar masu ƙuli, a ce ko yajin tsire ba ta taɓawa. 'Ya'yanta suka ɗauka wani ciwo take ɓoyewa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta shiga takardar bango ba, ita ce ta injin markaɗe. Kowace Talata alale ake yi wa yaran. A jiƙa wake, a surfe, a kai injin Idris da ke kwanar layi. Wanda ya san injin unguwa ya san yadda ake yi: mata su jera robobi su tafi sha'aninsu, mai inji ya riƙa ɗauka bi da bi yana zubawa, wake bayan tattasai, gero bayan wake, soyayyiyar gyaɗar masu ƙuli bayan gero. Tsakanin wannan da wancan, in ya yi ƙoƙari, ya watsa kofin ruwa ɗaya. Duk macen da ta yi sana'ar ƙuli ta san farkon markaɗenki ƙarshen na wadda ke gabanki ne. Zulai ta sha ɗanɗana attaruhun wata a cikin tunkuzarta. Don haka ran Talata takan ɗebi tafi biyu na waken ta niƙa wa Sadiya da hannu a kan dutse. Dutsen ma ba na gado ba, wanda ta taho da shi daga Bilbis, domin wancan ya sha gyaɗa tun zamanin kakarta. Sabo ta sa aka sayo mata daga kasuwar Mada.

Hussaina ta sha tsokanarta a kan dutsen nan. Takan ce Inna na kewar ƙauye ne, ko kuma tana son ta nuna wa 'yan zamani ƙarfin damtse. Sau biyu ta tambaye ta dalili da gaske, amsar dai ɗaya ce: "Haka nike so." A nan kam dole a faɗi gaskiya, Zulai ta yi kuskure. Mace ce da ta gwammace ta yi aikin mutum uku da ta yi bayanin minti ɗaya, kuma tun ranar Larabar nan duk zancen da ya doshi gyaɗa takan datse shi tun daga nesa. Ga shi ba ta taɓa fashin aiki ba, ko da zazzaɓi. Sai ta ɗauka tunda tana nan, ba sai bango ya sani ba.

Wata Litinin cikin damina aka bugo mata waya mijin ƙanwarta ya rasu a Bungudu. Sai da ta ciyar da yara, ta wanke jan kwano ta rataye, sannan ta yafa mayafi. Ta ce wa Hussaina za ta dawo kafin magariba, Bungudu ai nan ce kusa. Ta isa, aka yi gaisuwa, aka yi kuka. Da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ruwa ya sauka bai ɗauke ba sai da duhu ya kusa, direbobi kuma ba mai son hanyar in rana ta faɗi. Ƙanwarta ta riƙe mata zani ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba. Zulai ta kwana. Wayarta ta mutu tun yamma, babu wuta a unguwar.

Da hantsi tana zaune cikin mata ana karɓar gaisuwa, sai wani inji ya tashi a bayan katanga. Ta ji tarinsa na farko, ta ji ya kama, ta ji ƙarar da yake yi in an zuba masa jiƙaƙƙen wake. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta tambayi matar da ke kusa da ita yau wace rana. Aka ce Talata.

Ta nemi aron waya, aka miƙo mata uku, sai ta tuna lambobin duk suna cikin tata da ta mutu, ba ta haddace ko ɗaya ba. Ba ta yi sallama da kowa ba sai ƙanwar. A tasha ta sami mota saura mutum huɗu, ta zauna tana kallon inuwar rumfa na janyewa. Mutum ɗaya ya zo. Aka jima wata ta zo da buhun masara, aka tsaya gardamar inda za a sa shi. Da motar ta tashi direba ya ratse shan mai. Ta yi ta gaya wa kanta Hussaina na da hankali, ga takarda a bango, ƙila ma ganin ba ta nan su fasa alalen su dafa shinkafa. Amma ta san jadawalin Hajiya Binta ba ya canzawa, kuma ta san da hannunta ta auna waken jiya ta ajiye a inda aka saba.

Sha biyu ta gota lokacin da keke mai ƙafa uku ya shigo da ita layinsu. A kwana, Idris na zaune yana goge hannu da tsumma, tiren injinsa na ƙyallin mai, ƙamshin soyayyiyar gyaɗa ya cika wurin. Ya ɗago hannu da fara'a.

"Inna, ashe rasuwa aka yi muku? Allah shi jiƙai. Yau Hussaina ta kawo markaɗe, ban bari ta jira ba. Ina gama na mai ƙuli na zuba nata."

Zulai ta sa aka wuce. A ƙofar gida ta ce wa mai keken kada ya kashe, kada ya motsa, ta shiga.

Gidan tsit, irin shirun yara in abinci ya yi daɗi. An shimfiɗa tabarma, an jera tire, kowa ya duƙufa. Hussaina ta taso da murmushi tana lissafa mata: jan kwano ta sa, da manja ta yi, a 'yar tukunyar Sadiya ta dafa nata daban, kowa ya wanke hannu, har takardar ta karanta sau biyu don kada ta manta komai. Gaskiya ta faɗa, ba ta tsallake layi ko ɗaya ba. Can bakin tabarma Sadiya na zaune ita kaɗai, da cokali a hannu, ta cinye kusan rabin alalen.

"Inna ta dawo," in ji yarinyar, ta tura mata kwanon don su ci tare.

Zulai ta durƙusa ta janye kwanon. Ta kama haɓar yarinyar ta juya fuskar wajen haske. Ba komai. Leɓen lafiya lau, da ɗan jan manja a gefe. Ta tambayi Hussaina, ba ta waiwaya ba, ko na Sadiya ma daga robar inji ta ɗiba. Hussaina ta ce i mana, na farkon fitowa ma ta tara mata tun a bakin inji, kafin ta sa wa sauran yaji. Hajiya Binta ta leƙo daga ofis tana tambayar lafiya. Tsawon numfashi biyar ko shida babu abin da ya faru, har Zulai ta fara sa ran ko Allah ya tsare. Sai Sadiya ta kai hannu ta soshi wuya. Ta yi ɗan tari. Leɓen ƙasa ya fara tasawa ta gefen hagu.

Matar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba ta kwarma ihun da ya sa yara uku fashewa da kuka. Ta sunkuci yarinyar, ta fizgo ledar takarda daga kwando har igiyar ta tsinke. Hussaina ta rugo da kwalbar manja ta ce a ɗura mata, yana karya dafi. Zulai ta ture kwalbar ta faɗi ta fashe. Ta fita ba takalmi, ba mayafi, ɗankwali a wuya, a gaban maza masu shago da duk wanda ke layin. Hajiya Binta ta faɗo keken a bayanta, waya a kunne tana kiran Malama Luba.

Tafiyar ba ta kai minti goma ba, amma a cikinta idon Sadiya ya kumbura har ya kusa rufewa, muryar ta dishe, fiton ya fara. Zulai ta san wannan sauti, ta taɓa jin sa tana juya muciya. Ta zaunar da yarinyar a cinya ta tallafe ta, ta kafa mata ido ba ƙiftawa, tana kiran sunanta ba hutawa. Sadiya, dube ni. Sadiya, ga Inna. Mai keken ya ɗora hannu a kan oda bai ɗaga ba har ƙofar asibiti.

Ba ta tsaya layin kati ba. Ta kutsa ta miƙa ledar ga ma'aikaciyar jinya ta farko da ta gani, wata doguwar mata mai furfura a goshi, ta ce, "Gyaɗa ta ci." Matar ta dubi takardar, ta dubi fuskar yarinyar, ta kira likita da ƙarfi. Aka kwantar da Sadiya, aka zuƙo wani ruwa kaɗan daga 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, aka caka mata a cinya. Aka sa mata abin shaƙar iska a hanci. Zulai na tsaye jikin bango, ƙafafunta duk laka. Minti ɗaya, biyu, fiton na nan. A na huɗu ko na biyar ya fara sassautawa. Can sai ƙirjin ya ɗaga sosai ya sauka, yarinyar ta buɗe baki ta tsala kuka mai ƙarfi, kukan jin haushin allura.

Likita ya ce za a riƙe ta zuwa gobe, don abin yakan dawo. Malama Luba ta iso da alli a hannun riga, ta faɗa kan gadon. Da ta sami kanta ta zo ta riƙe hannun Zulai biyu. Hussaina ma ta iso da takalman Inna da mayafinta, tana kuka tana cewa ta kashe 'yar mutane. Zulai ta karɓi mayafin ta ce mata ta share hawaye, laifin ba nata ba ne. "Sau biyu kin tambaye ni zancen dutsen ga, ban hwaɗa miki ba. Gobe a rubuta shi a bango, da babban baƙi."

Da la'asar ta yi, ɗakin ya lafa. Sadiya ta yi barci, leɓen ya fara saɓewa. Zulai na zaune kan benci a baranda, ta ƙi tafiya gida. Ma'aikaciyar jinyar nan mai furfura ta fito za ta wuce, ta tsaya ta ce mata sannu da ƙoƙari, da an ƙara minti goma da sai dai haƙuri. Zulai ta gyaɗa kai. Sai da matar ta juya sannan ta yi magana.

"Malama, allurar ga da kunka yi mata. Sabuwa ce? Yanzu aka hiddo ta?"

Matar ta yi ɗan murmushi. Ta ce ina, tsohuwar allura ce ƙwarai, tun kafin a haife su duka biyun ake amfani da ita.

Zulai ta dubi ƙafafunta. Daga Bilbis zuwa asibitin Tsafe ba wata tafiya ba ce, ko a wancan lokacin akwai motar kasuwa, kuma Jatau na da keke. Ma'aikaciyar ta ƙara duban tsohuwar, ta dawo ta zauna kusa da ita, ta tambaye ta ko ta taɓa ganin mai irin wannan ciwon ne, don yadda ta shigo ba irin na wanda bai sani ba ne.

Shekara talatin da biyar ke nan sunan bai fita daga bakinta ba. Yana raye ba ta faɗa ba saboda kunya, bayan ya tafi kuma ba wanda ya tambaya.

"Jibo," ta ce. "Sunanshi Jibo. Ɗana na hwari. Shekara biyu da wata huɗu."